Ruwan Randar Bara'atu

A layinsu na Waziriyya ba a kiran Bara'atu da sunanta. Inna Mai Randa ake ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba, har wani ɗaga kai take idan yara suka kwaɗa mata shi. Tana da ƙuruciyarta suka zo aikin Hajji da mijinta Zaharadden daga wani ƙauye na ƙasar Katsina. Aka gama aiki, jama'a suka koma, su suka zauna. Shi ya samu kafili, ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, da aikin dako a Madinar Masana'antu, ita ta kama toya waina a ƙofar gida, har Jidda ta zame musu gari.

Randar kuwa a wurin wani Bayamale ta saye ta, don kawai ta yi mata kama da ta ɗakin uwarta. Ranar da aka girke ta a lungun tsakar gida, Zaharadden ya juye mata jarkar Zamzam da ya ɗauko daga Makka a kafaɗarsa. Daga nan Bara'atu ta kafa dokarta: ba a barin ruwan ya ƙare, ba a wanke randar. Idan ya yi ƙasa sai ta ƙara na tanki, domin a lissafinta muddin akwai ɗigon na farko a ciki, duk abin da ya shiga ya zama Zamzam. Ba malamin da ya gaya mata haka, ita ta yanke wa kanta, kuma Bara'atu idan ta yanke magana ko mijinta sai dai ya kama bakinsa. Bayan ya rasu abin ya ƙara ƙarfi, tunda yanzu ruwan hannunsa ne.

Mai naƙuda, mai jarrabawa, mai zuwa sabunta iƙama, takardar izinin zama, gabansa na faɗuwa, duk sai sun biyo da kofi. Jarirai kuwa ita da kanta take ɗiga musu a baki. Haka ta yi wa ɗanta na fari Hussaini da wani ɗan cokalin azurfa, kafin gudawa ta ɗauke shi bai ko fara rarrafe ba. Cokalin ma a makon ya ɓace, ta neme shi har ta haƙura. Haka ta yi wa Othman, wanda ya rayu ya girma ya auro Hind. Haka kuma take yi wa ɗansu Saif kullum da hantsi, idan uwarsa ta tafi makarantar 'yan mata inda take koyar da ilimin halittu.

To, Saif ne yanzu kwance a asibiti. Gudawa ta kama shi, idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ya daina karɓar nono. Bara'atu ta san wannan lotsawar, ta taɓa ganinta.

Bayan la'asar Hind ta dawo ɗaukar kaya, ta bar Othman a wurin yaron. Haihuwar Jidda ce, tana jin Hausa tas amma idan za ta yi sai ta jingina da Larabci. Ba ta ɗauki kayan ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani akwati, ta ciro madubin likita da take nuna wa ɗalibanta abubuwa da shi, ta ɗora a kan tebur. Ta ce likita ya tambaye ta ko yaron yana shan wani abu ban da nono. Ba ta kalli randar ba lokacin da take faɗin haka, kuma wannan rashin kallon ya fi yi wa Bara'atu ciwo.

"Khala, ba faɗa na zo ba, wallahi," in ji ta, haka take kiran uwar mijinta da Larabci. "Ki ba ni ɗigo ɗaya bas. Mu gani tare."

Bara'atu ta so ta ce mata ruwan da ya girme ta ba za a kai shi gaban wani ƙarfe ba. Sai ta tuna kan Saif, ta kauce daga hanya.

Hind ta fara da wata kwalbar Zamzam da ba a buɗe ba. Ta ɗiga a kan ɗan siririn gilashi, ta rufe da wani da ya fi shi ƙanƙanta, ta kwantar a ƙarƙashin bakin na'urar, ta kunna 'yar fitilar da ke ƙasa. Ta yi bayani a hankali cewa hasken yana ratsa ɗigon ya hau cikin tabarau biyu, ɗaya kusa da ruwan ɗaya kusa da ido, su ne ke ƙara wa abu girma. Ana farawa da ƙaramin tabarau a nemo wurin, sannan a juya zuwa babba, ana murza wani maɓalli a gefe har hoton ya fito sarai. Bara'atu ta sunkuya ta kafa ido ɗaya. Fari fat, kamar faranti da aka wanke. Ta ɗago tana hamdala, har ta fara shirin yi wa surukarta gori.

Sai Hind ta zura dogon cokali cikin randar, ta ɗan karto gefen, ta ɗiga a wani gilashin. Ta duba, ta murza, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, sai ta matsa wa Bara'atu.

Da farko hazo Bara'atu ta gani. Hind ta kama hannunta ta ɗora a kan maɓallin, Bara'atu ta murza da kanta, sai hazon ya washe. Wani abu mai siffar takalmi ya gilma da gudu, gashi-gashi a jikinsa suna kaɗawa. Wani ya biyo shi yana juyi. Ga wasu korayen zaruruwa a kwance, ga wani ƙulli yana miƙa jiki yana janyewa, a bayansu kuma ƙananan ɗigo-ɗigo birjik suna rawar ɗari. Ta ja da baya har ta ture kujera, tana salati. Ta kalli gilashin da idonta, ɗigon ruwa ne garau, irin wanda ta sha da safe.

Hind ta ce ba Zamzam ba ne ya kawo su, ai ta ga nasa da idonta. Ruwan tanki ne, da hannuwa, da kofunan mutane, da shekarun da randar ba ta ga soso ba. Ta ce manyan da suke gilmawa wataƙila ba su ne masu cutar ba, masu cutar sun fi haka ƙanƙanta, wasu ma wannan madubin ba ya kama su, amma inda waɗannan suka samu gida su ma suna samu. Babba yana sha ya wuce lafiya. Jariri cikinsa bai yi ƙwari ba.

Bara'atu ta zauna a ƙasa. Fuskokin jariran layin nan suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya, tsoro ya rufe ta irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka shigo layin kame. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tun yaushe suke ciki?"

"Ma adri, Khala. Ba mai sani."

Bara'atu ta ce a kwashe ruwan randar, amma ba ta yarda a zubar a magudana ba, ko ba komai akwai hannun Zaharadden a ciki. Ita da kanta ta riƙa kwasa da kwano tana kaiwa gindin darbejiyar ƙofar gida. Maƙwabciyarta Maha ta hango ta, ta taho da kwalba tana cewa a ɗiba wa jikarta kafin ya ƙare. Bara'atu ta ce babu. Ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan kalma a kan randar ba, Maha ta tsaya baki buɗe.

Da ruwan ya ƙare ta leƙa, ta ga gindin randarta a karon farko. Gansakuka ce kore shar, mai santsi da wari. Ta zura hannu za ta kwaso, yatsunta suka taɓa wani abu mai tauri. Ɗan cokalin azurfa ne, ya yi baƙi, kore ya lulluɓe shi.

Wayar Hind ta yi ƙara a daidai lokacin. Bara'atu ta ƙame a durƙushe, ta kasa juyowa, tana jiran ta ji kuka. Sai ta ji Hind tana maimaita alhamdulillah. Othman ne, ya ce ruwan da aka sa wa Saif ya karɓe shi, ya buɗe ido yana neman nono, ta yi maza ta dawo.

Hind ta zo ta dafa kafaɗarta, sai ta ga abin da ke hannunta. Ba ta san tarihinsa ba. Ta miƙa hannu don ta karɓa, madubin yana nan a kan tebur fitilarsa a kunne. Bara'atu ta dunƙule hannunta a kan cokalin, ta kai shi ƙirji.

"Je ki wurin ɗanki," ta ce. "Wannan kam kada ki duba min."