Kan Fure Ɗaya a Bayan Tanki

Gwaggo ta yi shekara talatin tana ɗinki a wani shago na bakin titi. Da idonta ya fara hazo sai ta sayar da keken, ta koma wa furen da ke gindin katangar gidanta. Fure ne ruwan goro, mai warin ganye, wanda ba ya wuce damina ɗaya. Marigayi mijinta ne ya kawo irin a ambulan. Duk shekara takan bar kawunan su bushe a jikin kara, ta murje su a faranti, ta adana a kwalbar magani. Shekara goma sha tara irin bai yanke ba.

"Shekarar da bai fito ba, ku fara nema mini likkafani," takan ce, kuma ba ta dariya in ta faɗa.

Maganar na sani, yadda take tara irin ne ban sani ba. Bana na dawo daga karatu na sauka a gidanta. A can wurin karatun na ga masu lambu suna datse furen da ya yi yaushi don sabo ya fito. Ranar da ta tafi asibitin ido na ɗauki almakashinta na bi layin kaf, na zuba kawunan a shara.

Da ta dawo ta tsaya, ta miƙa hannu tana shafa kara ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan nan, wa ya aske mini su?"

Na yi mata bayani.

"Au, wanzanci aka tura ka koyo? Ina kawunan?"

Mai kwasar shara ya riga ya wuce. Kwalbar kuwa babu ko ƙwaya, duk ta shuka. Ta saki sandarta ta faɗi. Ta durƙusa tana lalube a cikin karan furen, ta hana ni taimaka mata. Can bayan tankin ruwa, inda almakashin bai kai ba, ta taɓo kai ɗaya, ɗanye shar.

Ta ɗaure shi da ƙyallen gidan sauro saboda tsuntsaye. Sai ya yi mako uku kafin ya nuna. Kullum tana kan kujera a gefensa, ko tari na yi kusa da wurin sai ta ɗaga kai.

Jiya ta kira ni. "Duba mini, idona ya ƙi. Bushewa yake yi ko ruɓewa?"

Na kwance ƙyallen. Gindin kan ya yi baƙi. Na daɗe ina kallo, ban iya bambancewa ba.

"Bushewa ne, Gwaggo," na ce.