Shekarar da Inna ta yi ashar

Surukata mace ce da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. A ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa, ita ke karantar da matan aure bayan la'asar, kuma ko akuya ce ta shiga mata shanyar gero, iyakarta ta ce, "Allah ya shirye ki." Inna nake ce mata, kamar yadda 'ya'yanta ke cewa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban kuma taɓa haɗa ido da maigidanta ba, wato Baba. Idan zan gaishe su, durƙusawa nake daga bakin ƙofa.

Da damina ta faɗi a tsakar gida tana alwala. Hawan jini ne. Aka kai ta asibiti a Kano, aka dawo da ita ɓarin dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage mata, ita ce "sannu". In tana jin ƙishirwa sannu, in ƙafa na mata ciwo sannu, in an tambaye ta me za ta ci sannu. Tana gane kowa, tana jin duk abin da ake faɗa, sai dai in ta buɗe baki wannan kalmar ce ke fitowa, sai ta kau da kai hawaye na zuba.

Ni na koma ɗakinta da jinya, domin 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure. An koya mini yadda zan riƙa ɗaga mata hannun ina lanƙwasawa, amma ta tsani abin. Da ta ga na nufo ta sai ta damƙe hannun da na hagu ta juya wa bango fuska.

Autarta tana aiki a ɓangaren gashin ƙashi a wani asibiti a birni. Ana cikin kaka ta zo da wani kwali. A ciki akwai wata 'yar na'ura da ake jonawa da talabijin, da wasu fararen abubuwa guda biyu masu kama da rimot, kowanne da igiyar da ake zurawa a wuyan hannu.

Baba ya leƙo ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Ta ce, "Baba, wasa ne, amma magani ne. Ba a danna komai. Hannu kawai ake kaɗawa, ɗan mutumin da ke cikin talabijin sai ya yi yadda ka yi. Ko a zaune ana yi."

Ya ce, "Uwar taki za ki sa wasan yara?"

Bai hana ba dai. Muna da sola, talabijin ɗin mijina aka ɗauko aka ɗora a kan teburin kwanukan Inna. Autar ta nuna mini wasan tenis: ƙwallo za ta taho, kai kuma ka kaɗa hannu ka mayar. Ta koma birni washegari, ta bar ni da aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne wasan na mutum biyu ne. Wato ni zan zauna kusa da surukata, kafaɗa da kafaɗa, ina buga mata ƙwallo. Kwanakin farko da gangan nake barin ƙwallon ta wuce ni. Ita kuwa da hagu ta fara, tana ɗan motsa rimot ɗin kamar mai korar ƙuda. Da ta ga ɗan mutumin nata ya mayar da ƙwallo, sai na ga ta gyara zama. Bayan wani lokaci na ɗaura mata igiyar a hannun dama, ta tallafe shi da na hagu, tana kaɗa su tare. Hannun da ta hana ni taɓawa, ga shi tana jan sa da kanta har gumi na tsatstsafo mata.

Wata rana ta lura ina sakar mata. Ta ajiye rimot ɗin a cinya, ta zuba mini ido, ta ce "sannu" da wata irin murya da na san faɗa ce. Daga ranar na fara bugawa da gaske.

Ranar da abin ya faru, ɗalibanta ne suka zo dubiya, har da matar liman, ɗaki ya cika. Suka tarar muna wasan, na yunƙura zan kashe, Inna ta riƙe mini zane. Matan suka zauna suna kallo, wasu na rufe baki da mayafi. Muka yi ta mayar wa juna ƙwallo, ta daɗe ba ta faɗi ba, har matan suka fara cewa, "Kai, Malama!" Sai na kaɗa hannu da ƙarfi, ƙwallon ta wuce ta gefen ɗan mutumin Inna, ya tsaya sororo.

Inna ta nuna talabijin da haɓa ta ce, "Ubanka!"

Ta biyo shi da wata ashar ɗin da ba zan iya rubutawa ba, irin wadda ko a tashar mota sai an ɓata rai sosai ake jin ta. Ta fito tar, kowane harafi a wurinsa.

Rimot ɗin ya suɓuce mini, igiyar ce ta riƙe shi yana lilo. Matar liman ta dafe ƙirji tana salati. Wata ta miƙe ta fita ba ko takalmi. Ni kuwa na rasa kuka zan yi don ta yi magana ko kuwa ƙasa zan nema ta tsage in shige. Inna kanta ta zaro ido, ta toshe bakinta da hannun hagu.

Kafin magariba zancen ya zaga ƙauye. Wasu suka ce akwai iska a cikin na'urar, wasu suka ce ai ba Malama ce ta yi maganar ba. Baba ya sa mijina ya kwance komai ya mayar cikin kwali. Mijina ya kira autar a waya, ta ce masa suna ganin haka a asibiti, wai zagi da abin da aka haddace sukan riga sauran magana dawowa, alama ce mai kyau. Baba ya ce ba a gidansa ba.

Inna ta koma juya wa bango fuska. Ko "sannun" ta daina. Kunu sai na yi ta roƙo take kurɓa kaɗan. Hannun ya koma ya kwanta a cinyarta yadda yake da.

Wata safiya ina shara, Baba ya tsaya a bayana ya yi gyaran murya. Bai taɓa yi mini doguwar magana ba. Na durƙusa.

Ya ce, "Yarinya, tsakaninki da Allah, abin nan yana taimakonta?"

Kaina a ƙasa na ce, "Baba, yana yi."

Ya ce, "To, ɗauko. Amma ba ke za ta zaga ba. In zagin ne, ga ni."

Na jona na'urar. Baba ya cire hula, ya naɗe hannun riga, ya zauna a gefen gadon, na zura masa igiyar ba tare da na kalle shi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana huɗa da garma, sai ga shi ƙwallo na wuce shi ta ko'ina. Ko ya kaɗa tun ba ta iso ba, ko ya kaɗa bayan ta wuce. Inna ta juyo. Ta miƙo mini hannun dama da kanta na ɗaura mata.

Ta cinye shi, ta sake cinye shi. Ya ce, "Wannan abin naku ya lalace." Ta buga masa wata, ya kai hannu kamar mai saran itace, ya kusa kifowa daga gadon. Inna ta tuntsire da dariya, baki a karkace, sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, gatsau, ta ƙara da, "Ba ka iya ba!"

A wurinmu matar da ta kai shekarun Inna ba ta faɗin sunan mijinta, ko wani mai irin sunan aka ambata sai ta sakaya. Mijina da ke tsaye a bakin ƙofa ya juya da sauri ya fice. Ni na ja mayafi na rufe fuska. Baba ya daskare da rimot a hannu. Sannan ya ce, "Na'am," a hankali, ya zare igiyar ya ɗauki hularsa ya fita.

Mijina ya same shi a zaure yana share ido da bakin riga. Baba ya gaya masa cewa rabon da ya ji sunansa a bakinta tun suna yara a gidan kakansu, tana aikensa ya kakkaɓo mata tsamiya.

Daga nan kullum da hantsi, in ya dawo daga gona, sai ya shigo su buga, ni kuma in jona musu in koma bakin ƙofa. Ashar ta sake kuɓuce mata wasu lokutan, har muka saba yi kamar ba mu ji ba. Magana ta riƙa dawowa a gutsure: ruwa, zafi, sunayen jikoki. Hannun bai koma daidai ba, yatsun har yau a naɗe suke, amma tana kai ludayi baki da shi. Wasu daga cikin ɗalibanta ba su sake dawowa ba. Matar liman ta dawo, ta riƙa zama tana jan ƙananan surori Inna na bin ta, kuma a karatun harshenta ba ya sarƙewa kamar yadda yake yi a hira. Yanzu Inna ke sauraron hadda, in mace ta yi kuskure sai ta buga tabarma da hannun hagu har sai an gyara.