Garinmu a Gwangwanin Madara

Tun ina yarinya na san garinmu gida-gida, alhali har yau ƙafata ba ta taka shi ba. A Jidda aka haife ni, a unguwar Bani Malik na girma, a nan na yi aure na haihu. Amma idan ka tambaye ni gidan da ke dama da masallacin Juma'a a wani ƙaramin gari can ƙasar Hausa, zan ce maka na wanzamai ne. Zan kuma faɗa maka da haushi, domin ba da son raina na haddace ba.

Baba ne ya ɗura mana. Yana ɗan shekara takwas ya baro garin tare da mahaifinsa, suka nufo aikin Hajji ta Sudan, tafiyar da ta ci su shekaru. Kaka ya yi Hajjinsa, ya ce sai baɗi za a koma. Baɗi ta zo ya sake cewa baɗi, har ya rasu a nan kafin a haife ni. Baba ya gaji dakon kaya a bakin teku, ya gaji kuma wannan baɗin.

Yana da gwangwanin madara babba cike da ƙwallon dabino. Kowane ƙwallo gida ɗaya ne. Bayan la'asar sai ya zazzage su a tsakiyar falo, ya jera garin kaf: unguwar marina ta gabas, maƙera ta yamma, mahauta kusa da kasuwa, gidan hakimi a tsakiya. Kofin shayi shi ne masallaci. Daga nan sai tarihi. Wani maharbi ne ya fara sauka ƙarƙashin tsamiya, marina suka biyo shi saboda ruwan rijiyar, aka yi ganuwa, ganuwa ta zube. Ko tari ka yi a tsakiyar labarin, daga maharbi zai sake farowa.

Lissafin mutanen kuwa daga bakin alhazai yake samo shi. A da alhazai kan kwana a Jidda kafin su wuce. Baba zai bar aikinsa ya shiga masaukinsu yana cigiyar 'yan garinmu, ya jawo su gida, mahaifiyata ta tuƙa tuwo tana ƙunƙuni. Kafin baƙo ya kai loma uku an fara yi masa tambayoyi. Wa ya rasu? Wa ya ware ya yi gidansa? Idan maigida ya rasu, Baba zai jefar da ƙwallonsa, ya ci sabon dabino, ya ajiye wa magaji. Ƙwallo ɗaya ne ban taɓa ganin ya sauya ba, na gidanmu, a bakin unguwar marina. Ya yi baƙi ya yi sulɓi saboda hannu.

Sannu a hankali tafiya ta canza. Alhazai suka koma sauka daga jirgi su shiga bas su wuce. Labari ya yanke, garin Baba ya tsaya cak. Mun ji cewa an mayar da garin hedikwatar ƙaramar hukuma, an yi sakateriya, an kawo kwalta. Baba ya ce ya ji, ya ajiye murfin kwalba a gefe ya ce sakateriyar ke nan. Bai ƙara ko ƙwallo ɗaya ba.

Ni dai abin da na sani shi ne na sha taka garin nan da tafin ƙafa, kuma da zafi. Bayan rasuwar mahaifiyata Baba ya dawo gidana da gwangwaninsa, shara ta zama tawa. Kullum ina masifa, kullum yana cewa in yi a hankali kada in rushe masa maƙera.

Ana haka 'yata ta fari ta gama sakandare. Yarinya ce mai kai, tana son karatun jinya, kuma wata makaranta a Najeriya ta ba ta gurbi. Sai dai sun nemi takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarta kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ba wa wani. Mahaifinta ma jikan 'yan garin ne irina, nasa iyayen sun riga mu gidan gaskiya, bai san kowa a can ba. Mu iƙama muka sani, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da kafili mai tsaya mana. Wannan takarda kuwa sai mai unguwa ya sa hannu cewa ya san gidanku.

Na ce a raina, to yau dai gwangwani zai yi rana.

Wani direba maƙwabcinmu, sabon zuwa daga Najeriya, ya samo mana lambar akawun da ke rubuta takardun a sakateriya. Muka kira akawun da hantsi ta bidiyo. Magidanci ne mai furfura a gemu, mai haƙuri. Na gaishe shi na yi bayani, ya jawo fom ya ce, "Hajiya, wace unguwa?"

Baba ya karɓe wayar. "Unguwar marina."

"Baba, ba mu da ita a nan. Akwai Sabon Layi, akwai Bayan Sakateriya, akwai Tasha, akwai Cikin Gari."

"Wace tasha? Garin da unguwa huɗu ne da shi, ina ya ga tasha? Kai, tsaya in gaya maka. Wani maharbi ne..."

Na dafe kai. 'Yata ta raɗa wa kakan nata da Larabcinta, "Jaddi, halas, ya isa, ba yanzu ba." Ina! Ya bi ta tsamiya, ya bi ta rijiya, ya gina ganuwa ya rushe ta. Akawu na cewa "na'am, Baba" yana duban agogo. Da ya samu ƙofa sai ya ce shi bai taɓa ganin marina a garin ba, maƙera ma Tasha ake ce mata yanzu, mutane sun yi yawa yanzu, ko makarantun firamare ba sa ɗaukar yara.

Baba ya ƙanƙance ido. "Kai ɗan wane gida ne?"

"A nan aka haife ni, Baba. Mahaifina malamin makaranta ne, aiki ya kawo shi."

"Ashe baƙo ne," in ji Baba, ya miƙo mini wayar. "Ki nemo mini ɗan gari."

Akawu ya yi murmushin yaƙe, ya ce yana da mutane a layi, ya kashe.

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar, kuma har yau ina jin kunyar abin. Na ce masa mutumin da aka haifa a garin, yake shan ruwan garin, shi ne baƙo, mu da ko hanyar ba mu sani ba mu ne 'yan gari? Na ce shekara da shekaru muna haddar gidajen matattu, ga shi rana ɗaya da muka nemi amfaninsu ya kore mana mai taimako. 'Yata ta shige ɗaki tana kuka. Na ɗauko tsintsiya na share garin gaba ɗaya, har da sakateriyar, na tara a abin kwasar shara.

Baba ya taso. Ya durƙusa da ƙyar, ya tona cikin ƙura da yatsa, ya zaro baƙin ƙwallon nan ya sa a aljihu. Sauran ya bar mini.

Kwana uku gidan ba daɗi. Baba yana fita sallah ya dawo ya zauna yana kallon kafet. Na sake kiran akawu sau biyu bai ɗauka ba, ban kuma ga laifinsa ba. A rana ta huɗu da azahar sai ga kiransa. Yana tsaye a waje cikin rana, babura na wucewa ta bayansa.

"Hajiya, maganar tsohon nan ta tsaya mini a rai. Ga ni a ƙofar masallacin Juma'a, shi dai ba a matsar da shi ba. Ba shi wayar ya nuna mini hanya."

Baba ya gyara zama. "Ba wa ƙofar baya. Ka ga gidan wanzamai a damanka?"

"Kemis ne, Baba."

"Wuce. Za ka tarar da rijiya."

"Shagon cajin waya ne. Amma tsaya... ƙasan siminti ne zagayayye, kamar an rufe wani abu."

"Ita ce! Ka gani ko? Yanzu yi gabas, za ka ga tsamiya."

Babu tsamiya. Akwai masu faci, da masu shayi, da 'yan makaranta garke guda sun taso. Ina kallon fuskar Baba yana kallon mutanen nan. Ya matso da wayar har ta kusa taɓa hancinsa, yana neman kamannin wani gida a fuskokinsu. A hankali ya ce, "Duk waɗannan na ina ne?" Akawu ya ce duk 'yan gari ne. Wannan karon Baba bai yi musu ba.

Ya ci gaba dai da ba da umarni, muryarsa na raguwa. Kwana hagu, lungu na biyu. Sai akawu ya tsaya. Tsakanin wani shagon atamfa da wani bene akwai kango, ginin ƙasa da ya narke ya rage rabi, an toshe ƙofarsa da ƙaya.

"Au! Wannan ai Gidan Matafiya ne," in ji akawu. "Kowa ya san shi. 'Yan kasuwa sun yi ta nema an hana su. Bari in kira mai unguwa, ga gidansa nan."

Aka fito da wani tsoho tukuf yana dogara sanda. Ya karɓi wayar, ya daɗe yana duban Baba. Sannan ya kira shi da wani sunan yarinta da ban taɓa ji ba. Ɗan ƙanin Kaka ne, tare suka yi wasan ƙasa a ƙofar wannan kangon.

Ban san me na zata ba, kuka ko murna. Faɗa ya fara yi.

"Kai wane irin mutum ne? Saƙo nawa muka aiko maka? Mahaifina ya aiko har ya mutu. Ni ma duk alhajin da zai tafi sai na ce ya gaya maka. Kullum amsa ɗaya, wai baɗi!"

Na dubi Baba. Ya sunkuyar da kai.

Mai unguwa ne ya warware mini, da na gaishe shi na ce ni 'yarsa ce. A garin, wanda ya tafi Hajji bai dawo ba matafiyi ne. Ba a taɓa ɗakinsa, ba a raba gadonsa, ba a zaman makokinsa, sai ɗansa na cikinsa ya faɗi rasuwar da bakinsa a gaban dangi. Sun ji labarin mutuwar Kaka tun tuni daga alhazai, amma ji a bakin hanya ba ya rufe gida. Su ma jira suke yi.

Raina ya ɓaci fiye da ranar tsintsiya. Wato duk tuwon nan da uwata ta tuƙa, duk alhajin da aka tsare da tambaya, kowannensu da wannan saƙon ya zo. Baba ya karɓi mutuwar kowane gida ya rubuta da dabino, tasa guda ɗaya ya ƙi bayarwa.

"Takarda ba wuya," in ji mai unguwa. "Amma me zan rubuta? A wurinmu maigidan nan yana hanya, kai kuma yaro ne da ka bi shi. Ban san wata jika ba. Ka faɗa, in san inda zan sa ta."

'Yata na tsaye a bakin ƙofa, ba duk Hausar take kamawa ba, amma ta gane ita ake jira. Baba ya sa hannu a aljihu. Ina ganin yatsunsa na motsi a ciki.

"Idan na faɗa, za a raba gidan," ya ce.

"Za a raba."

"Shi ke nan ba mu dawo ba."

"Ɗan'uwa, dubi gemunka. Dubi nawa."

Baba ya dubi jikarsa. Sannan ya gyara murya, ya yi sallama kamar yanzu ya shigo zaure, ya ambaci sunan mahaifinsa da na kakansa. Ya ce Allah ya yi masa rasuwa a Jidda, ranar wata Laraba, bayan zazzaɓin kwana biyar, shi ya yi masa wanka da hannunsa. Ya ce ya bar ɗa ɗaya, ga shi, da jika, da tattaɓa-kunne.

Mai unguwa ya yi salati ya zauna a kan dakali. Masu shagunan kusa suka taso, mai atamfa da mai faci da wasu da ba wanda ya san Kaka a cikinsu, suka tsuguna a rana suka ɗaga hannu. Ɗaya bayan ɗaya suna leƙo fuska cikin wayar suna cewa, "Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Baba na amsawa, hawaye na bin gemunsa, kamar jiya aka yi rasuwar. Ni ma na zauna na yi kukan kakan da ban taɓa gani ba, ina yi ina jin haushin kowa.

Takarda ta iso cikin mako. Ranar da za mu raka yarinyar filin jirgi, Baba ya kira ta ya damƙa mata baƙin ƙwallon. Ta juya shi ta ce, "Jaddi, esh hada, mene ne wannan? In yi me da shi?" Ya ce idan an yi hutu ta je garin, ta jefa shi cikin kangon kafin a sa masa bulo. Ta ce tayyib, wato to, ta sa a jakar fasfo.

Gwangwanin yana nan a saman firij, babu komai a ciki. Na saya masa dabino kwali guda, na ajiye kusa da shi da la'asar, har kofin shayi na kawo na dangwara a tsakiyar kafet. Na ce, "Baba, ina maƙera take ne ma? Na manta." Ya dube ni ya ce ai na ji da kunnena, Tasha ake ce mata yanzu.

Yanzu idan ya ci dabino sai ya jefa ƙwallon a kwandon shara kamar kowa. Falona fes, ba abin da ke sukar ƙafata. Ni da na yi shekaru ina masifa a kan hakan, duk lokacin da na ji ƙarar faɗawarsa cikin kwandon sai in tashi in shige kicin.