Kwat Ɗin Alƙahira a Laburaren Makaranta

A da, a makarantun da na sani a ƙasar Haɗeja, laburare wurin ajiye mutum ne. Malamin da muryarsa ta dushe, ko wanda ya saɓa da shugaban makaranta, shi ake miƙa wa makulli a ce ya je ya huta. Ni kuwa da na yi shekaru ina tafinta ga fataken dabbobi, daga Injamena har Khartum da Alƙahira, na ga inda mai kula da littattafai ke shigowa ɗalibai su miƙe tsaye. Yau idan na wuce sakandaren da ke bayan unguwarmu na hangi yara suna rige-rigen shiga ɗakin karatu, sai dariya ta kama ni, don na san rawar da na taka a wurin, kuma na san ba ita ce ta yi aiki ba.

'Yar ƙanena ce ta kawo maganar. Ta gama karatun jinya, ta ce ga wanda take so, ma'aikacin laburare ne a wannan sakandaren, kuma fannin ya karanta takanas. Ni ne waliyyinta, amma uban ya kafe. Ƙanen nawa dillalin bandar kifi ne, rabin rayuwarsa a Guri ya yi ta, mutum ne da bai yarda da sana'ar da ba ta sa gumi ba.

"Yaya, na tambaya," in ji shi. "An ce zama yake yi yana gadin takardu. Ko maigadi ai yana zagayawa."

Yarinyar ta same ni a zaure, idonta ya yi ja. "Baffa, ku je ku gani da kanku. In kun ce a'a, na haƙura."

Na je. Yaron kirki ne, mai fara'a, sai dai ɗakin nasa ya ba ni tausayi. Rabinsa karyayyun bencina ne da gangunan fareti, shi kuma ga shi da hannun riga a naɗe, alli har a gira. Nan take na san maganin abin. Ƙanena da ido yake hukunci, to idon za mu ciyar.

Na koma gida da zumuɗi kamar ni ne angon. Na buɗe adaka na ciro kwat ɗin ulu da na saya a Alƙahira, wanda ban ƙara sawa ba tun da na dawo. Na haɗa da tsohon tabarau. Na sa aka rubuta "Shiru" a kwali da Hausa da Larabci da Faransanci, ko da yake babu mai jin Faransanci a makarantar sai ni. Na roƙi shugaban makaranta aron teburinsa mai gilashi. Na koya wa yaron yadda na ga ana yi a can: ka zauna, ka haɗe fuska, in an yi tari ka ɗaga gira ɗaya.

"Baba, ranar da kuka zaɓa ina da 'yan aji biyu," ya ce.

"Madalla! Su zauna tsit. Kwarjini muke nema."

Ranar ta faɗo a tsakiyar bazara. Na ɗauko ƙanena a adaidaita, muka shiga da hantsi. Wallahi sai da na ji alfahari. Yara sun yi jugum, kowa da littafi a gabansa, surukin gobe yana bayan tebur cikin ulu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, tabarau na zamewa. Ya ɗaga gira ɗaya kamar yadda na koya masa, ɗayar ma ta bi ta.

Ƙanena ya dubi ɗakin, ya dube ni. "Yaya, wa ya rasu?"

Wata ɗaliba ta toshe baki da hijabi.

"To ai ga shi na gani," ya ci gaba. "Zaman ne dai. Har da rigar sanyi. Mu tafi, ina da kaya a tasha."

Ya juya. Fuskar yarinyar nan a zaure kawai nake gani. Sai na ji ƙarar kujera. Yaron ya miƙe, ya tuɓe kwat ɗin, ya ninke shi da ladabi ya miƙo mini.

"Baba, ku gafarce ni. Alhaji, kafin ku tafi, yaran nan suna da gardamar da ta fi ƙarfina tun makon jiya, kuma an ce ku mutumin ruwa ne."

Ashe aikin da suke yi ke nan kafin in zo in ɓata musu: kowane ɗalibi ya tambayo iyayensa kifayen kogin nan, su zo su nemo su a littattafai. Sun gama da tarwaɗa da karfasa, suka maƙale a kan gaiwa. Wasu sun ce kakanninsu sun ce tana kwana cikin busasshen taɓo har ruwa ya dawo, sauran suka ce tatsuniya ce.

"Tatsuniya?" Ƙanena ya dawo da baya. "Wa ya ce tatsuniya? Da fartanya muke haƙo ta a fadama da rani! Da wannan hannun!"

Ɗaki ya kaure. Wani ya ce to da me take numfashi. Ƙanena bai taɓa tambayar kansa ba. Surukin gobe bai amsa musu ba, sai ya tura ɗalibai biyu kantar littattafai ta uku, ya gaya musu inda za su duba a bayan littafin. Suka dawo da shi a buɗe, ɗaya ta karanta, ta fassara: gaiwa tana da huhu, iska take shaƙa.

"Huhu! Kamar ni?" Ya karɓi littafin ya kai shi bakin taga yana kallon zanen. "Yaya, zo ka gani, littafi ya san gaiwa! Kai malam, akwai bargi a ciki?"

Malam. Na ji kalmar sarai, na yi kamar ban ji ba.

Kiran azahar ne ya fitar da mu. Kafin nan ƙanena ya zana mali, tarkon kifi, a allo, ya yi faɗa da wani ɗalibi ɗan garin Malam Madori a kan ko kifin nan kurungu yana kuka, ya manta da kayansa na tasha. Ni ina gefe rungume da kwat, ƙarƙashin kwalina mai harsuna uku, babu wanda ya ko kalle shi.

A adaidaita, da muka wuce kasuwa, sai ya ce, "Wannan ai ya fi ni gumi. Ka ce su turo. Amma Yaya, don Allah ka ƙona rigar nan."

Ban ƙona ba, tana adaka. An ɗaura aure bayan girbin shinkafa. Shugaban makaranta, da hayaniyar ranar ta jawo shi bakin ƙofa, ya sa aka kwashe bencinan da gangunan, teburin ma bai karɓa ba. Ƙanena yana zuwa duk zango da kwandon banda, iyaye masu wasu sana'o'in ma an fara gayyatarsu. A gidanmu kuma, in baƙo ya tambayi aikin mijin yarinyar, uban ne ke riga kowa amsawa, da ƙarfi: malamin laburare ne.