Ragon da Ya Raka Yayana Tattaki

Yayana ya dawo daga aiki a Saudiyya da tumbin da bai tafi da shi ba. A can, in ji shi, shinkafa ce da kaza safe da yamma, ga lemon kwalba, kuma ko masallacin unguwa a mota yake zuwa. A Taura kuwa tuwon gero muke ci, aikin gona ya narkar da shi.

Likita a Dutse ya ce jininsa ya hau, ko dai ya riƙa tattaki kullum da safe, ko ya kama shan magani.

Sai dai a Yalwawa, unguwar da yake zaune, mai jiki irin nasa ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. Kafin ya kai bakin titi maƙwabci ya tsaya da babur.

"Alhaji, motar ce ta lalace? Hau in sauke ka."

"Motsa jiki nake yi."

"To hau mana, ka motsa a gida."

Kunya ta sa yake hawa.

Matarsa ce ta miƙa masa igiyar ragon layya. Mai jan rago yana da dalilin tafiya, kuma babu babur da zai ɗauki su biyun. Nan da nan aka ƙyale shi.

Kafin Sallah jinin ya sauka. Ragon kuwa ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa, dole aka sayo wani aka yanka. Likita ya ce kada a fasa tattakin, don haka har yau tare suke fita.