Haramin Inna Hure a Hanyar Tabuka

Mutumin Makka bai san sanyi ba, kuma ba ya yarda bai sani ba. A wurinsa hunturu shi ne 'yan makonnin nan da ake kashe na'urar sanyaya ɗaki a bar taga a buɗe. Mukhtaru ɗan unguwar Hindawiyya ne gaba da baya, nan aka yanke cibiyarsa, nan ya yi furfura. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar alhazai a babur tsakanin Arfa da Mina, yana kurɗawa inda mota ba ta isa ta sa hanci ba. In zafi ne, ko ƙadangare ya sara masa. Sanyi kuwa sau ɗaya suka taɓa gamuwa, kuma har yau bai manta ba.

Yana ɗan shekara ashirin da uku ƙanensa Salihu ya sami aiki a Tabuka, can arewa, tafiyar fiye da kilomita dubu. Mukhtaru ya bugi ƙirji ya ce shi zai kai shi a babur. A tsakiyar hunturu suka shirya, kowa da jallabiya shara-shara da silifas. Mahaifiyarsu Inna Hure, wadda sana'arta tsince haraman da alhazai suka yar a Mina ta wanke ta sayar, ta ƙulle musu guda huɗu a ƙunshi. Suka yi ta ƙyaƙyata dariya, wai Hajji za su ko neman aiki? Ta ce, "Ku dai tafi da su. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Har Madina lafiya lau. Washegari suna wuce Haibar iska ta fara ratsa ƙashi. Kafin Taima yatsun Mukhtaru sun ƙage, birkin hannu ya gagare shi, da ƙyar ya tsayar da babur a gefen titi. Haƙoran Salihu sai kaɗawa suke. Suka kwance ƙunshin Inna, kowa ya naɗe jikinsa da harami biyu. Haka suka shiga wani gidan mai fari fat da su. Mai zuba man ya dube su sama da ƙasa ya ce, "Ya hujjaj, alhazai, kun yi ɓatan kai, Makka tana bayanku." Dariyar nan ita ta kai su Tabuka.

Salihu ya zauna can, ya yi aure, ya tara iyali. Duk azumi yana zuwa Makka, kuma kafin a gaisa sai ɗayansu ya riga ɗan'uwansa cewa Makka tana bayanka. Inna ta rasu, tsohon babur ya mutu aka sake wani, maganar dai tana nan.

Bana da hunturu Manar, 'yar Salihu, ta bugo waya tana kuka. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfin babanta. Ta ce, "Baffa, wallahi ko ni ba ya ganewa. Amma in ya ji dabbab ya wuce, sai ya juya ya dubi ƙofa." Dabbab shi ne babur a bakinsu. Hankalin Mukhtaru ya tashi. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya tsaya gaban wanda suka sha nono ɗaya a tambaye shi ko shi wane ne. Ya ce a babur zai tafi.

'Yarsa Kausar ta ce, "Abuya, shekararka sittin da uku fa. Ga jirgi, awa biyu kawai, halas, shi ke nan."

"In na sauka daga jirgi, baƙo zai gani," in ji shi.

Da ta ga ba zai tanƙwaru ba, sai ta karɓi ragamar shirin, ta fi soja tsanani. Mako biyu tana duba yanayin hanya a waya kowace safiya, har ta sami kwana huɗu a jere babu ruwa babu guguwa. Ta gindaya masa sharuɗɗa. Ba zai tashi ba sai hantsi ya dubi ludayi, kuma la'asar ta same shi a masauki. In ya ga hadari, kada ya kuskura ya ratsa kwari, don ambaliyar can ba ta sallama. Ta sayo safar hannu, takalmi sau-ciki, hular kwano da wata rigar sanyi mai gashi a ciki da ta mai da shi kamar buhun gero. Shi abu ɗaya ya ƙara, wani tsohon harami cikin na Inna da ya yi ja, wanda ya zaro daga ƙasan akwati.

Ya bi umarni tiryan-tiryan. Ya wuce Haibar, ya wuce Taima, bai ji sanyin a zo a gani ba, abin har ya ɗan ba shi haushi. Gidan man nan ma babu shi, sai fili.

Ran kwana na huɗu da azahar ya isa. Salihu na zaune a tsakar gida yana shan rana, ya rame, bargo a cinyarsa. Ya ji ƙugin babur, ya dubi ƙofa. Mukhtaru ya shigo ya cire hular kwano. Salihu ya dube shi da ladabi ya ce, "Marhaban. Baƙo daga ina?"

Maganar ta soki Mukhtaru har zuci. Ya faɗi sunansa, ya ambaci Hindawiyya, ya ambaci Inna. Salihu sai gyaɗa kai yake irin na mai kara. Manar ta juya baya tana share ido.

Mukhtaru ya tuɓe rigar gashin ya ajiye. Iskar Tabuka ta doke shi daga shi sai jallabiya. Ya zaro tsohon haramin ya yafa a kafaɗa, ya tsaya jikinsa na ɓari.

Salihu ya daɗe yana kallonsa. Can bakinsa ya motsa. "Alhaji, ka yi ɓatan kai," ya ce a hankali. "Makka tana bayanka." Sai dariya ta kuɓuce masa, ya miƙo hannu. "Yaya, ina nawa?"

Guda ɗaya Mukhtaru ya kawo. Ya zauna kusa da shi, ya ware haramin ya lulluɓe su su biyu.