Bugun da Ya Riga Lokacinsa

Kuramoto Sohei bai taɓa cin matarsa Tomie a gardama ba. Ranar da ya kawo mata kukan gajiya, dire kwanon shinkafa ta yi.

"Gajiyar me, Maigida? Mutum tamanin na zuba gumi a kan goge da sarewa, kai kana can baya riƙe da murafan tukunya biyu. Sau ɗaya za ka gwara su, a tafa har da kai."

"Ƙirge nake yi, Tomie!"

"Kyanwata ma in tana gyangyaɗi haka take cewa."

Aikinsa ke nan shekara talatin a wata ƙungiyar makaɗa a Osaka: farantan tagulla da ƙirgen shiru har lokacinsa ya zo. Sau ɗaya tak ƙirgen ya kuɓuce masa. A 1971, ana kaɗa wani sabon kiɗa karon farko, tef na ɗauka, gogan ya gwara farantan daidai inda ko tari ba a so.

Da aka tashi, jagoran ƙungiyar ya tambaya wa ya yi. Su biyu ne a layin baya, kowa da farantansa. Iwao, na ƙasa da shi, ya miƙe ya sunkuya ya ɗauki laifin, don ƙarami ba ya tsayawa yana kallon babba na shan kunya. Babban kuwa, sai lokacin ya tuna igiyar takalminsa na son ɗauri. Ba a ƙara kiran Iwao ba. Ya koma ƙauyensu, can ya rasu. Tun ranar Kuramoto bai sake yarda a kunna kiɗan a gabansa ba.

Bana wani kamfani ya tono tef ɗin zai sake fitarwa a faifai. Injiniyarsu, Hirose, ta zo har gida da albishir: na'ura za ta goge bugun tas.

Tsoho ya ce atafau a bar shi, a kuma rubuta a takardar faifan cewa shi ya yi.

"Baba, ba wanda ya tuna fa," in ji Hirose. "Kiɗan za mu wanke."

"Rabu da shi," in ji Tomie. "Sai da haƙora suka ƙare ya tashi cin tsire."

Kuramoto ya ajiye kofin shayi.

"'Yata, a kan bugun nan aka kori mutum. In kin goge shi, a kan me aka kore shi?"